Hannun jarin McDonald's: abin da tsohon farashi yake faɗa, da abin da yake ɓoyewa

Ranar 21 ga watan Afrilu na shekarar 1965, kampanin McDonald's na ƙasar Amurka, mai gidajen sayar da abinci, ya buɗe ƙofarsa karo na farko ga duk mai son zuba kuɗi a cikinsa. An sayar da hannun jari guda, watau abin da ƴan boko ke kira aksiyo, a kan dala 22 da rabi. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar tamma biyar da ake lissafi da ita a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ba. A canjin wancan zamani, lokacin da dala guda take daidai da sefa 247, kuɗin bai wuce jika biyar da rabi da ƴan kai ba. Kafin a tashi kasuwa a ranar, farashin ya kai dala 30. A shekarar 2024 kuwa ya haura dala 300.

Wanda ya ɗauki alƙalami ya raba 300 da 22 da rabi zai samu 13. Sai ya ce ashe cikin kusan shekara sittin kuɗin sau 13 kawai ya ninka, alhali tsadar rayuwa a Amurka ta ninka kusan sau goma a tsakanin nan, saboda haka babu wata riba ta a zo a gani. Wani kuma ya buɗe jadawalin tsoffin farashi a wayarsa, ya tarar an rubuta ƴan santi kaɗan a gaban shekarun farko, sai ya ce ashe kuɗin goro aka sayar da kampanin. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu iri ɗaya ne: sun ɗauka abin da ake kira hannun jari guda a 1965 shi ne dai abin da ake kira hannun jari guda yau.

McDonald's ba shi da reshe ko ɗaya a Nijar, haka ma a Nijeriya. A Afirka ya shiga Maroko a 1992, Masar a 1994, Afirka ta Kudu a 1995. To amma irin jadawalinsa shi ne ake nuna wa ƴan kasuwa da ma'aikata a waya idan ana so a ja ra'ayinsu su fitar da ajiyarsu, kuma ƙa'idar karanta shi ita ce dai ta karanta farashin kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 1998 domin ƙasashen UEMOA takwas, inda ake saye da sayar da hannun jarin bankin BOA Nijar da na Sonatel ta Senegal.

Guda ɗaya ya zama 743

Idan farashin hannun jari ya hau har ya fi ƙarfin ƙananan masu saye, kampani kan tsaga shi. Mai guda ɗaya ya wayi gari da biyu, kowane a rabin kuɗi, ko mai biyu ya wayi gari da uku. Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Kamar mutum ne ya kai takardar jika goma a yi masa canji, aka ba shi ƴan jika biyar biyar guda biyu. Tsoffin alhazan da suka yi fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano sun ga makamancin haka a watan Janairu na 1973, da Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam guda ya zama naira biyu. Wanda ya buɗe littafin bashi na 1972 ya ga 50, bai tuna fam ne ba, ya karɓi naira 50, ya yi asarar rabin kuɗinsa.

McDonald's ya tsaga hannun jarinsa sau 12. Na farko a 1966, shekarar da ya shiga babbar kasuwar New York. Aka sake a 1968, 1969, 1971 da 1972, bayan wata kyauta ta kashi 2 bisa ɗari da aka ƙara wa kowa a 1967. Daga nan aka yi shiru shekara goma, sa'an nan aka ci gaba a 1982, 1984, 1986, 1987, 1989, 1994, da na ƙarshe a watan Maris na 1999. Wasu biyu ne a madadin ɗaya, wasu uku a madadin biyu. Idan aka haɗa su duka, wanda ya sayi guda 100 a ranar farko da dala 2,250, bai sayar ba bai ƙara ba, ya zama mai guda 74,360. Watau kowane ɗaya ya haifi 743 da ɗoriya.

A nan lissafin ya sake fuska. Guda 74,360 a kan dala 300 sun haura dala miliyon 22. Ba sau 13 kuɗin ya ninka ba, kusan sau dubu goma ne. Ko an cire tsadar rayuwa, aka ɗauki dala 2,250 ta 1965 a matsayin dala 22,500 ta 2024, ninkin bai gaza kusan dubu ba.

Ƴan santin da ake gani a waya kuwa daga nan suka fito. Masu tsara jadawalin kan koma baya su raba kowane tsohon farashi da yawan tsagawar da ta biyo bayansa, domin layin ya tafi ba tare da ramuka na ƙarya ba. Dala 22 da rabi idan aka raba ta da 743 takan ba da santi 3. Ba wanda ya taɓa sayen hannun jarin McDonald's a kan santi 3. Adadi ne na lissafi, amfaninsa kawai a gwada jiya da yau da mudu ɗaya. Saboda haka tambayar farko ga duk wanda ya miƙo jadawali ita ce: wannan farashin da aka biya ne a ranar, ko wanda aka gyara daga baya? Tambayar ta shafi Abijan ma, domin Sonatel ta tsaga hannun jarinta gida goma a 2012, kuma wanda bai san haka ba zai zaci kampanin ya rushe cikin dare ɗaya.

Akwai wata ƴar matsala ga mai tonon tsoffin jaridu. Kafin 2001 kasuwannin Amurka ba da santi suke rubuta farashi ba, da rubu'ai da sumunai ne, kamar 76 da 7/8. Wanda ya karanta shi 76.78 ya ɗan kauce.

Ribar da ake rabawa

Farashi rabin labari ne. Tun 1976 McDonald's ya fara raba wa masu hannun jari wani kaso na ribarsa, kuma daga lokacin har zuwa 2024 babu shekarar da bai ƙara adadin ba. A 2024 kowane hannun jari ya samu dala 6 da santi 78. Mai guda 74,360 ɗin nan ke nan ya karɓi fiye da dala dubu 500 cikin shekarar kaɗai, a kan dala 2,250 da aka zuba tun zamanin Diori Hamani.

Wannan ne dalilin da ya sa jadawalai da dama suke da layin rufe kasuwa har biyu. Ɗaya an gyara shi don tsagawa kawai. Ɗayan an ƙara gyara shi don ribar da aka raba, shi ya sa yake nuna tsohon farashi ƙasa da na gaskiya, ko da a shekarun bayan 1999 da ba a sake tsagawa ba. Na farkon ya dace da mai son sanin nawa aka yi ciniki. Na biyun ya dace da mai son sanin abin da zai samu da ya riƙa mayar da kowace riba cikin kampanin. Ɗaukar adadin farko daga wannan layi, na ƙarshe daga wancan, hanya ce mai sauƙi ta kumbura riba a takarda, kuma ba kullum ake yin ta da rashin sani ba.

Shekarun da ba a so a nuna

Hoton shekara sittin idan aka matse shi cikin allon waya yakan fito kamar hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ta ɗaga sama a ƙarshe. Dalili shi ne faɗuwar dala 20 daga 300 takan fito babba a zane, alhali kashi 7 ne bisa ɗari, ita kuwa faɗuwar rabin kuɗi a zamanin da gyararren farashi bai kai dala biyu ba ko ganinta ba a yi. Manyan asarori suna nan kwance a wurin da layin ya yi kama da lafiya lau.

Ta farko ta zo ne a 1973 da 1974, daidai shekarun da fari ya addabi Sahel. A ƙarshen 1972 McDonald's yana cikin wasu kampanoni kimanin hamsin da manyan masu kuɗi na Amurka suka ɗauka ba sa faɗuwa, a saye kawai a ajiye. Son da aka yi masa ya kai ana biyan fiye da ninki 80 na ribar shekara guda kafin a samu hannun jarinsa. Sai rikicin man fetur na Oktoba 1973 ya zo, tsadar kaya ta tashi, kasuwa ta karye. Farashin ya sauko daga sama da dala 70 zuwa wajen dala 21, a kuɗin lokacin. Abin lura shi ne cinikin gidajen abincin bai ragu ba. Ana ta buɗe sababbi, riba tana ta hawa kowace shekara. Kampanin lafiyarsa ƙalau, wanda ya saya da tsada ne ya kwana ciki, kuma sai da ya jira kusan shekara goma kafin kuɗinsa su dawo inda suke. Shirun tsagawa daga 1972 zuwa 1982 shaidar wannan jira ce.

Ta biyu daban take, domin a wannan karon ciwon a jikin kampanin yake. A ƙarshen 1999 farashin ya kusa dala 50. Shugabanni sun duƙufa ga buɗe rassa fiye da kima, har sabon gida yana cin cinikin tsoho, masu saye suna kukan jinkiri da rashin tsabta. Cutar haukan shanu ta sa mutanen Turai, daga baya na Japan, suka ja baya da naman sa. A Amurka kuma aka shiga gasar karya farashi da Burger King, abinci a dala guda. A watan Janairu na 2003 kampanin ya bayyana asarar kusan dala miliyon 344 a wata ukun ƙarshe na 2002, karo na farko da ya faɗi a lissafin wata uku tun shigarsa kasuwa. Ranar 12 ga Maris 2003 hannun jarin ya taɓa dala 12 da ƴan santi. Kashi uku cikin huɗu na dukiyar wanda ya saya a 1999 sun tafi.

Aka kira Jim Cantalupo daga ritaya ya karɓi ragama. Shawararsa ba ta da wani ado: a rage buɗe sababbin gidaje, a gyara waɗanda ake da su, a ƙara wa masu hannun jari rabonsu. A shekarar aka ɗaga ribar da ake rabawa da kashi 70 bisa ɗari. Bai daɗe ba, ya rasu farat ɗaya a watan Afrilu na 2004. Charlie Bell da ya gaje shi ya sauka a watan Nuwamba saboda ciwon daji, ya rasu a Janairu 2005. Shugaba biyu cikin ƙasa da shekara guda, amma farashin bai koma baya ba, domin tsarin ya riga ya kama ƙasa, Jim Skinner kuma ya ci gaba da shi. A 2008, da bankunan Amurka suka yi ta durƙushewa, cikin manyan kampanoni talatin na ma'aunin Dow Jones biyu ne kawai suka ƙare shekarar sama da yadda suka fara ta, McDonald's da Wal-Mart. Idan aljihu ya yi sanyi, abinci mai arha ake nema.

Girgizar da ta biyo baya ba ta daɗe ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sauko da farashin daga sama da dala 210 zuwa ƙasa da 140 cikin ƴan makonni, kafin shekarar ta ƙare ya murmure. A 2022 kampanin ya sayar da gidajensa kimanin 850 na Rasha ya fice, shekara 32 bayan buɗe na farko a Mosko. Daga Oktoba 2023 kuma, bayan da mai riƙe da rassan Isra'ila ya raba wa sojojin ƙasar abinci kyauta, jama'a a ƙasashen Larabawa da Indonesiya da Malesiya suka ƙaurace masa. Shugabannin kampanin da kansu sun amsa cewa abin ya taɓa ciniki, kuma ranar da aka fitar da lissafi a farkon Fabrairu 2024 farashin ya sauka da kusan kashi 4 bisa ɗari.

Mai gidan haya

Akwai wani wuri a tarihin nan da kan rikita har masu ilimin lissafi. A 2013 kuɗin shigar McDonald's sun kai dala miliyar 28. A 2019 sun sauko zuwa miliyar 21. Amma tsakanin shekarun biyu farashin hannun jarin ya tashi daga ƙasa da dala 100 zuwa kusan 200. Yaya ciniki zai ragu daraja ta ninka?

Amsar tana can baya, a farkon kampanin. Ƴan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, su suka kafa gidan farko a San Bernardino ta Kaliforniya a 1940, suka sake masa tsari a 1948: abinci iri kaɗan, cikin sauri, hambaga a santi 15. Ray Kroc ya karɓi iznin yaɗa sunan, ya buɗe nasa a Des Plaines kusa da Chicago a 1955, sa'an nan ya saye kampanin gaba ɗaya a 1961 a kan dala miliyon 2.7. To amma kason da yake karɓa daga cinikin masu riƙe da rassa ƙanƙane ne, bai isa ya riƙe kampanin ba. Abokin aikinsa Harry Sonneborn ne ya kawo dabarar da ta raya shi: kampani ya mallaki fili da gini, ko ya kama su haya na dogon lokaci, sa'an nan ya ba mai reshe haya da riba a kai.

Har yau a kan wannan ake. Cikin gidaje fiye da dubu 43 da ke ɗauke da sunan a ƙarshen 2024, kimanin kashi 95 bisa ɗari a hannun wasu ƴan kasuwa suke. Su ke sayen nama da dankali, su ke biyan ma'aikata, su ke kwana da fargabar ciniki. McDonald's yana karɓar haya da kuma ladan suna, kuma hayar kaɗai ta kai kusan dala miliyar 10 a 2024. Duk wanda ya san bambancin mai shago da mai ginin da shagon yake ciki a Yamai ya fahimci zancen. Daga 2015, zamanin Steve Easterbrook, kampanin ya sayar wa ƴan kasuwa dubban gidajen da yake gudanarwa da kansa. Cinikin gidajen ya fita daga littafinsa, shi ya sa jimillar ta ragu, amma abin da ya rage kuɗi ne masu tsoka, marasa ɗawainiya.

Sai kuma abu na biyu. Kampanin ya daɗe yana sayen hannun jarinsa daga kasuwa. A 1999 akwai guda fiye da miliyar 1.3, a 2024 ba su fi miliyon 720 sosai ba. Tuwo ɗaya, masu ci sun ragu da kusan rabi, dole loma ta girma. Sai dai wani ɓangare na wannan saye da bashi aka yi shi. Bashin kampanin ya doshi dala miliyar 40, kuma tun 2016 abin da ake binsa ya fi abin da littafinsa ya nuna ya mallaka. Jadawalin farashi ba ya faɗin wannan. Ba ya kuma faɗin cewa bashin mai ruwa ne, ko cewa gidajen suna sayar da naman alade a ƙasashe da yawa, abubuwa biyu da Musulmi mai son zuba kuɗi kan kai gaban malami kafin ya kai gaban dillali.

Dala da sefa

Duk alƙaluman nan da dalar Amurka suke, mai karatu kuwa da sefa yake cefane. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dala ta tashi daga wajen sefa 295 zuwa wajen 590 cikin dare ɗaya. Da a ce wani ma'aikaci a Tawa yana riƙe da hannun jarin McDonald's a ranar, da dukiyarsa ta ninka a sefa ba tare da an ƙara sayar da hambaga ko ɗaya ba. Canji kuma yakan juya ya ci riba. Daga Maris 2003 zuwa ƙarshen 2007 farashin ya tashi daga dala 12 da ƴan kai zuwa kusan 59, ninki ya kusa biyar. Amma a tsakanin nan yuro, wanda sefa take ɗaure da shi tun 1999 a kan 655.957, ya yi ƙarfi, dala ta sauko daga kusan sefa 600 zuwa wajen 450. A sefa ninkin uku da rabi ne. Ba a ma zo kan ladan dillali ba, da harajin da Amurka ke cirewa daga ribar baƙi, da sharuɗɗan canji na bankin BCEAO a kan fitar da kuɗi waje.

Waɗanda jadawali ya manta

Ana kawo misali da McDonald's ne saboda ya rayu. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, shi kuwa ya wuce arba'in ɗin. Amma mutumin 1965 bai san haka ba, kuma a gabansa akwai wasu kampanonin abinci da suke da kyan gani kamarsa. Burger Chef, wanda ya taɓa biye da McDonald's a yawan rassa, an sayar da shi ga Hardee's a 1982, sunansa ya ɓace a hankali.

Labarin Boston Chicken ya fi kusa. Kampanin gasasshen kaza ne da ya shiga kasuwa a watan Nuwamba na 1993 a kan dala 20, ya rufe ranar farko a kan dala 48 da rabi. Jaridu suka yi ta kiransa sabon McDonald's. Sai dai shi yake ba masu riƙe da rassansa rance su buɗe gidaje, ruwan rancen da ladan suna su shiga littafinsa a matsayin riba, asarar gidajen kuwa ta zauna a littafin masu rassan inda mai hannun jari ba ya gani. A watan Oktoba na 1998 ya je kotu ya bayyana karyewa, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana. A shekarar 2000 aka sayar da gidajen a kan kimanin dala miliyon 173, kuma McDonald's ne ya saye su.